Wanda Ya San Inda Ɗaki Ke Yoyo

Ruwan farko na shekara a Kano ba ya zuwa shi kaɗai. Iska ce ke yi masa jagora, ta taso da jar ƙura daga gabas, ta bi kan rufin kwano tana gwada ƙarfin kowace ƙusa. Idan gari ya waye, a unguwanni irin su Kurna da Sheka da Birged da Rimin Kebe, za ka ga wani mutum yana shiga wannan gida yana fita wancan, da tocila a hannu ko da rana ta take, da ɗan littafi a aljihun gaba. Zai yi sallama daga soro, ya dakata mata su kintsa, sannan ya bi ɗaki-ɗaki yana ɗaga kai sama. Tabon ruwa yake nema a jikin silin. Daga nan ya zagaya bayan gida ya ga inda ruwa ya kwanta a gindin katanga, ya leƙa rijiya, ya taka murfin masai da ƙafa ɗaya ya ji ko yana motsi. Wannan shi ne wakilin mai gida, kuma a nan ne ake gane na kirki a cikinsu, domin wani wakilin ba a ganin ƙeyarsa sai ranar da kuɗin haya ya cika.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gidan haya maganar ta rabu gida biyu. Wanda ruwa ke ɗiga a kan katifarsa daban, wanda ke da ikon sa kafinta ya hau ya canza kwano daban. Na farko yana kwana a ɗakin amma ba nasa ba ne. Na biyu nasa ne, amma wataƙila ya shekara bai taka ƙofar gidan ba, yana can Abuja ko Jidda, ko yana nan cikin gari harkoki sun sha masa kai. A tsakanin mutanen nan biyu sana'ar riƙon gidan haya take zaune.

Da yawa suna ɗauka duk mai gidan haya attajiri ne. Akwai attajiran, amma in ka bi lungu-lungu ka tambayi masu ɗakunan, abin da za ka fi tararwa shi ne malamin makarantar da ya karɓi kuɗin sallama ya zuba a ɗakuna shida, ko matar da mijinta ya rasu ya bar mata gida da yara, ko magada goma sha biyu da suka kasa raba gida ɗaya suka bar shi haya ana raba musu kuɗin duk shekara. Irin waɗannan ne ke neman wakili. Mutane kan haɗa shi da dillali ko ejan, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin duka biyun, amma aikin ba ɗaya ba ne. Dillali yana haɗa ciniki, ya karɓi la'adarsa, galibi kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara, ya kama gabansa. Wakili shi ne wanda ke nan bayan an watse, shi ake bugawa waya da tsakar dare idan famfo ya fashe. Akwai ƙwararrun da suka yi karatun abin a jami'a, waɗanda ke da hukumar rajista tun dokar 1975, kuma su ke riƙe manyan gidajen Bompai da Nasarawa. Amma mafi yawan ɗakunan hayar Kano suna hannun mutanen da ofishinsu benci ne a gindin darbejiya.

Sana'ar tana da kaka, shi ne fatoma. A zamanin fatauci, baƙon da ya sauka a Fagge da raƙumansa ko jakunansa ba ɗaki kawai yake samu a wurin mai masaukinsa ba. Fatoma ne ke adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan bashi ya shiga, ya sa a yi masa jinya idan ciwo ya kama shi. Hausawa sun tafi da wannan tsari duk inda suka kafa zango. A Sabo ta Ibadan, inda masanin zamantakewa Abner Cohen ya zauna a farkon shekarun 1960 ya yi bincike, masu gida ne ke sauke dillalan shanu daga arewa, su tsaya a tsakaninsu da mahauta, sunansu ne jinginar bashin. Mutumin da baƙo ya yi asara a gidansa ya gama sana'a, domin labari zai riga shi isa kasuwa. Abin da na ga mun gada daga fatoma shi ne karɓar kuɗi, abin da muke neman yarwa kuwa shi ne wancan sanin da yake da shi, cewa wanda ya kwana ƙarƙashin rufinka yana wuyanka har gari ya waye.

Aikin yana farawa tun kafin a miƙa makulli. A da, ciniki da baki ake yi a gaban shaidu biyu, a yi addu'a a shafa. Ba laifi ba ne, kuma fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya daɗe da shimfiɗa sharuɗɗansa. Ɗalibin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa dole a ambaci kuɗi a kuma ambaci wa'adi, cewa mutuwar mai zaune a gida ba ta warware haya, kuma idan gida ya rushe kafin wa'adi ya cika, hayar sauran kwanakin ta faɗi. Matsalar baki ita ce shaidu suna mutuwa, suna ƙaura, suna mantuwa. Shi ya sa wakilin da ya san aikinsa ba ya yarda sai an rubuta, ko da a takarda ɗaya ce, da boko ko da ajami: nawa ne kuɗin, daga yaushe zuwa yaushe, wa zai kwashe masai, wa zai gyara rufi, wa zai biya wuta, notis na wata nawa za a bayar. Sannan rasit. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta wajabta wa mai gida bayar da rasit, ta kuma hana shi karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ko da yake ta ware Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA. Rasit ya ƙara daraja yanzu, domin sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba mai biyan haraji rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa, iyaka naira 500,000. Mai gidan da ya hana rasit ya hana ma'aikaci hujjar neman haƙƙinsa.

Sai tambayoyin da ake yi wa mai neman ɗaki. Mece ce sana'arka, daga ina ka taso, me ya tashe ka, kai da wa za ku zauna, wa ya san ka? Wasu na jin haushin wannan titsiye, amma yana da dalili. Bayan harin 20 ga Janairun 2012 a Kano, an ga gidajen da jami'an tsaro suka rushe saboda abin da aka samu a cikinsu, kuma tun daga lokacin masu unguwanni suka ƙara matsawa a riƙa sanar da su kafin a sauke baƙo. Dokar hukumar NDLEA ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ke zaune a gida ko yake da hannu a kula da shi, idan ya bari aka mayar da shi wurin ajiye ko sayar da miyagun ƙwayoyi. Dokar zamba cikin aminci ta 2006 ita ma tana da irin wannan tanadi. Kalmar nan ta mai hannu a kula da gida, wakili take nufi kai tsaye. Sai dai akwai inda bincike ke zarcewa ya koma zalunci. Bazawarar da ke riƙe da 'ya'yanta da sana'arta ta halal, ko saurayin da aiki ya kawo shi gari, ko wanda harshensa ya nuna ba ɗan nan ba ne, sau nawa ake rufe musu ƙofa ba tare da an tambayi kowa halinsu ba? Bincike halin mutum ake yi wa, ta bakin maƙwabtan da ya baro da wanda ya tsaya masa. Wanda ya tsaya a kan kamanni bai binciki komai ba.

Jikin gini shi ne babban littafin wakili, kuma karanta shi ake koya. Gidan ƙasa ba ya ɓoye ciwonsa. Kowa ya san kafin damina sai an yi yaɓe, an gyara indararo, an ƙwanƙwasa azara an ji ko gara ta cinye cikinta. Gidan siminti ne mai rufa-rufa, domin filasta da fenti suna iya lulluɓe bulon da aka buga da yashi fal siminti ɗan kaɗan. Tsagar da ke bin saman filasta siririya kamar gashi ba ta tayar da hankali. Wadda ake tsoro ita ce mai tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta nufi sama a karkace, wadda bara tsinke ke shiga bana kuma yatsa. Tsofaffin magina sukan shafa ɗan siminti a kanta su dawo bayan wata guda. In ya sake tsagewa, ginin tafiya yake yi. Ƙofar da shekara da shekaru take rufuwa lafiya, rana ɗaya ta fara cijewa, ita ma magana take yi. Haka dekin da ya fara zubar da ɓarɓashi har rodi ya bayyana da tsatsa.

Abin da ya fi kashe gidajen haya shi ne ƙari. Gida an haƙa masa harsashi na ƙasa ɗaya, haya ta yi tsada, sai mai gida ya yaye kwano ya zuba dekin ya ɗora ɗakuna, bayan shekara uku ya sake ɗora wasu. A kan wannan kuma a hau da tankin ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai cin lita 2,000 tan biyu ne aka ajiye a kan mutane suna barci. Tun ran gini ran zane: abin da ba a lissafa da shi a harsashi ba, ba a roƙon bango ya ɗauka daga baya. A Kano, hukumar KNUPDA ce ke da alhakin amincewa da zanen gini, kuma ƙarin bene yana bukatar izini da sa hannun injiniya kamar sabon gini. Amma a unguwannin awon igiya, inda fili bai da takarda balle gini, birkila ne injiniya, shi ne kuma mai duba aikin kansa. A ranar 13 ga Maris 2019, wani bene a Ita Faji da ke tsibirin Legas ya rufta, iyalai suna zaune a ƙasa, makarantar yara tana sama. Kimanin mutum 20 suka rasu, da yawansu yara, kuma hukumomi sun ce tun kafin ranar an riga an shafa wa ginin alamar rusau. Ke nan an sani, kuma an ci gaba da karɓar haya. Mu ma a nan ba mu manta da benen da ake kan ginawa a titin Beirut ba, wanda ya zube a ƙarshen Agustan 2022 a tsakiyar kasuwar waya.

Idan damina ta bango ce, hunturu na wuta ne. Nan ne nake ganin an fi sakaci, domin wayar lantarki tana cikin bango da silin inda ido ba ya kaiwa. Gidan da aka yi wa wayarin shekara talatin da suka wuce, an yi shi ne don ƙwan fitila da fanka da rediyo. Yau a ɗaki ɗaya akwai firji da dutsen guga da hita da talabijin, duk a jikin soket ɗaya. Masu aikin wuta sun san ƙa'idar: waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta fitilu ce, mai 2.5 ta soket, abin da ke jan wuta da yawa kamar na'urar sanyaya ɗaki yana son mai 4. Mai gidan da ke son sauƙi sai ya sa a zagaye gidan duka da siririyar, wani lokacin ma ba tagulla ba ce, shafe aka yi mata. Idan fis ya ƙone, maimakon a nemi dalili, sai a naɗa masa waya mai kauri don kada ya sake damun kowa, alhali ƙonewar tasa ita ce ceton gidan. Wayar da ake binnewa a ƙasa don ta janye wutar da ta ɓalle, gidaje da yawa ba su ma san da ita ba, sai ranar da ƙofar ƙarfe ko famfon banɗaki ya fara jan mutane.

Yadda gobarar take faruwa kusan kullum iri ɗaya ne. An ɗauke wuta da yamma, uwar gida ta bar hita a bokiti ko dutsen guga a jone, an kwanta. Ƙarfe biyu na dare a kawo wuta da ƙarfi. Iskar hunturu ta busar da katakon rufi ƙayau, silin ɗin kuma a haɗe yake daga ɗakin farko har na ƙarshe, babu bangon da ya kai kwano ya raba su. Kafin 'yan kwana-kwana su sami hanyar shigowa lungun da mota ba ta ratsawa, wuta ta gama zagaye gidan ta sama. A nan ne ƙarfen taga, wanda aka sa don ɓarawo, yake zama abin da ya hana mutane fita. Gida mai ɗakuna goma sha biyu, ƙofar fita ɗaya, an garƙame ta da kwaɗo, makullin yana hannun mutum ɗaya, a soron kuma an jera babura da jarkokin fetur. Gyaran wannan ba ya cin kuɗin kirki. Mai walda zai iya yanka ƙarfen taga ɗaya a kowane ɗaki ya yi masa maratayi da sakata ta ciki, a yi wa kowane magidanci makullin ƙofar waje, a ajiye bokitan yashi da tukunyar kashe gobara a soro, a kira mai wuta mai lasisi ya bi wayoyin duk bayan 'yan shekaru. Kuɗin bai kai hayar ɗaki ɗaya ba a yawancin gidaje.

Akwai kuma mai kisa ba da harshen wuta ba. Hayaƙin janareta da na gawayi suna ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke sa mutum barci ya zarce. Iyali sukan kunna janareta a baranda ko a lungun da ke tsakanin ɗakuna saboda tsoron sata, ko su shiga da kurfoti ɗaki su toshe ko'ina saboda sanyi. Za a ce ai laifin ɗan haya ne, shi ya kunna. Haka ne, amma wa ya cinye tsakar gidan da ɗakuna har ba a bar inda za a ajiye inji a sarari ba? Wa ya gina ɗaki ba taga don ya sami ƙarin ɗaya? Wakilin kirki yakan ware wuri a waje, a yi masa keji na ƙarfe mai shan iska nesa da tagogi, ya kuma sa maganar a cikin yarjejeniya.

Rijiya da masai kuwa, duba-gari ne ya kamata ya riƙa tuna wa mutane su, kamar yadda yake yi a da, lokacin da jin sallamarsa kaɗai kan sa a share gida. Ma'aikatan lafiya suna son a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiyar sha. A filin awon igiya mai ƙafa ashirin da biyar, ina za a samo ta? In ba ta maƙwabci ba ce ta matso, taka ce. Annobar amai da gudawa ta 2021 ta ci ran mutum sama da 3,000 a Najeriya, kuma Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Gidan da mutum arba'in ke bin masai ɗaya, ya cika ana jan ƙafa wajen kiran masu kwasa saboda ana gardamar wa zai biya, gida ne da ke jiran irin wannan shekara. Rijiya kuma bakinta ya kamata ya tashi sama da tsayin yaro mai rarrafe, da murfin ƙarfe mai kwaɗo. Duk wanda ke sauraron rediyo a Kano ya saba jin 'yan kwana-kwana suna ba da labarin yaron da aka ciro. Murfin masai na tsohon siminti, wanda rodinsa ya ruɓe da tururin ƙasa, shi ma ya sha rufta wa da manya.

To wa zai biya duk wannan? A nan ake yawan kai ruwa rana. Al'adar gari ita ce babban gyara na mai gida ne, wato rufi da bango da masai da wayarin, ƙarami kuma irin su ƙwan fitila da kan famfo da gilashin da yaro ya fasa na ɗan haya ne. A mazhabar Malikiyya, abin da ya shahara shi ne ba a tilasta wa mai gida gyara, sai dai idan lalacewar ta kai ga cutarwa ɗan haya yana da zaɓin ya warware haya ya tashi. Wasu masu gida sun riƙe rabin farko na wannan hukunci sun saki na biyun, shi ya sa amsarsu kullum ita ce in ba za ka iya ba ka tashi, ba tare da sun ambaci mayar da kuɗin watannin da suka rage ba. Kuma zaɓin tashi, ga mutumin da ya tattara duk abin da ya mallaka ya biya shekara, ga la'ada, ga kuɗin mota, zaɓi ne a baki kawai. A ganina, malaman da suka yi wancan hukunci ba su taɓa nufin ya zama mafaka ga wanda ya san bangonsa zai faɗa wa mutane ba, domin haramcin cutarwa ya riga shi, ya kuma fi shi faɗi. Dokar ƙasa ma ba ta wanke wanda ya san da haɗari a gininsa ya yi shiru har aka rasa rai ko dukiya. Dabarar da na ga tana aiki ita ce wakili ya shawo kan mai gida tun farko a riƙa cire wani kaso daga kuɗin haya ana ajiyewa don gyara, kafin kuɗin ya shiga hannun magada ya watse. Idan kuma ɗan haya ne zai yi gyaran a cire a haya, a rubuta kafin a sayi ko ƙusa ɗaya.

Bashin wuta ma yana cikin abin da ake gadar wa sabon shiga. Hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta bayyana cewa bashin wanda ya sha wuta ba ya hawa kan wanda ya gaje shi a gida, amma hanyar kauce wa rigimar ita ce a karanta mita a gaban kowa ranar shiga da ranar fita. Inshora kuwa, tun dokar 2003 aka lissafa gidan da 'yan haya ke ciki a jerin gine-ginen da dole a yi musu inshorar gobara da rushewa, don wanda abin ya shafa ya sami diyya. Kaɗan ne suka san da wannan, ga kuma masu ƙyamar inshora saboda addini, ko da yake yanzu akwai kamfanonin takaful da aka kafa don su.

Ranar rabuwa ita ce jarrabawar sana'ar. A gidan haya na tashi, kuma har yau ina ganin wata safiya da aka zo da kafinta aka cire ƙofar ɗakin maƙwabcinmu saboda bashin wata huɗu. Matarsa ta rataya zani a bakin ƙofar, suka kwana uku a haka cikin sanyi da jariri. Ba wanda ya yi musun bashin. Amma abin da aka yi musu doka ba ta yarda da shi ba, kamar yadda ba ta yarda da yaye kwano ba, ko yanke wuta da ruwa, ko watso kaya waje, ko turo 'yan daba, ko kai ƙarar bashin haya caji ofis kamar laifin sata. Tsarin da dokar Abuja ta shimfiɗa, wanda na jihohi da dama suka yi kama da shi, a bayyane yake idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba: mai biyan mako-mako notis ɗin mako guda, mai biyan wata-wata na wata guda, mai biyan shekara na wata shida. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, a ba shi wata takardar ta kwana bakwai mai sanar da shi za a je kotu. Daga nan alƙali ne zai yi hukunci, ma'aikatan kotu ne kuma za su fitar da kaya, ba mai gida ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a shari'ar gwamnatin soja ta Legas da Odumegwu Ojukwu, bayan an tura jami'ai ɗauke da makamai sun fitar da shi daga wani gida a titin Queens Drive da ke Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. Kotun ta yi tir da ɗaukar doka a hannu. Abin da aka hana gwamna mai sojoji, ba za a halatta wa mai ɗakuna shida ba.

Ba na mantawa da ɗaya ɓangaren. Akwai ɗan hayan da ya san dokar nan sarai ya mayar da ita garkuwa, ya shekara biyu bai biya ba, yana jin daɗin ɗage shari'a, alhali kuɗin nan shi ne abincin marayu da kuɗin makarantarsu. Akwai wanda zai tashi da dare ya bar ɗaki kamar an yi yaƙi a ciki. Jinkirin kotu ne ke tura mutanen kirki ga aikin da ba na kirki ba, kuma shi ya sa yawancin rigingimun haya a Kano ba sa isa gaban alƙali. A ƙofar gidan mai unguwa ake kashe su, ko wurin limami, ko a ofishin Hisba. A irin wannan zama wakili ne ke ɗauke da nauyi, domin shi kaɗai ya san gaskiyar kowa: ya san wanda aka sallama daga aiki, ya san kuma wanda ya sayi sabon babur a watan da ya ce ba shi da ko sisi. Sau da yawa sulhun da ke ɗorewa shi ne a yafe wani ɓangare na bashin a sa ranar tashi, kowa ya sa hannu.

Idan aka kwashe kaya, wakili yakan shiga ɗakin shi kaɗai. Sai a lokacin ake ganin abin da sif da gado suka ɓoye shekara da shekaru: damshin da ya hau bango kamu biyu, soket ɗin da ya yi baƙi, ramin ɓera a kusurwa, silin da ya yi ciki. Wannan ne kaɗai lokacin da za a iya yi wa ɗaki gyara na gaske ba tare da an takura wa kowa ba. Mako guda yake bukata, kwana biyu na kafinta da birkila, yini ɗaya na mai wuta, sauran fenti ya bushe. Amma a Kano ta yau ɗaki yakan sami mai so tun tsohon ɗan haya bai gama ɗaure katifa ba, dillali yana tsaye a waje da ango mai kuɗin shekara a hannu, biki saura kwana goma. Sai wakili ya jefa makullin a aljihu, ya koma gefe ya kira mai gida a waya, ya fara roƙon a ba shi makon nan.